Babi Na Biyar: A Jiƙa Kan Sarki, Ko A Bar Shi A Jikin Ambulan?

Duk wanda ya fara tara kan sarki ba ya daɗewa bai yi wannan tambaya ba: in zuba su a ruwa in raba su da takardar da suke manne a jiki, ko in bar su yadda na same su? Galibi tambayar takan taso ne ranar da aka buɗe adakar wani dattijo, ko akwatin ƙarfen tsohon malamin makaranta, aka tarar da damin wasiƙu ɗaure da zare. Ga na Ikko, ga na Makka, ga na Kumasi, ga amsoshin da gidajen rediyon ƙasashen waje suka riƙa aiko wa masu sauraro. Ido yakan tafi kai tsaye kan 'yar takardar nan mai launi da ke kusurwar dama, hannu kuma ya fara ƙaiƙayin ɓamɓarowa.

A babin da ya gabata mun ga wuraren da ake samun kan sarki a ƙasar Haɗejiya da kewayenta. Yanzu ga su sun shigo hannunka. In ka tambayi waɗanda suka riga ka shiga wannan harka, za ka ji baki biyu. Wasu za su ce jiƙa su duka, kan sarki kake tarawa, me za ka yi da tsummokaran takarda? Wasu kuma za su ce kul ka kusance su da ruwa. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma za mu saurare su. Amma tun daga nan ga matsayin wannan littafi: jiƙawa aiki ne da ba a warware shi. Ambulan da ka bari yau, kana iya jiƙa shi baɗi in ka ga dama. Wanda ka jiƙa yau kuwa ya tafi ke nan. Saboda haka ruwa shi ne mataki na ƙarshe, bayan an duba, an auna, an tabbatar babu abin da za a yi asara.

Me ke riƙe da kan sarki a jikin takarda?

Tun daga kan sarki na farko a duniya, wanda Ingila ta fitar a watan Mayu na 1840 bisa shawarar Rowland Hill, dabarar ɗaya ce. Ana shafa danƙo a bayan takardar a bar shi ya bushe. Mai aika wasiƙa ya lasa, ko ya dangwala ruwa ya shafa, danƙon ya farka, ya manna. Wasu ƙasashe da sarrafaffen sitaci suke haɗa danƙon, wasu kuma da ƙaro, irin wanda ake tsinka a dazuzzukan Jigawa da Yobe da Barno.

Wanda ya yi karatun allo ya riga ya san halin ƙaro. Da shi ake haɗa tawada don ta kama jikin allo, rubutu ya zauna daram har a haddace. Amma ranar wanki, ruwa kaɗan ya isa ya ɗauke shi tas. Haka danƙon kan sarki yake. Ko ya shekara saba'in a bushe, da ya ji ruwa zai narke ya saki.

Matsalar ita ce ruwa ba ya zaɓe. Yadda yake narkar da danƙo, haka yake narkar da wasu irin tawada, ya tayar da rinin takarda mai launi, ya kuma raba kan sarki da duk shaidar da ke kewaye da shi. Kafin ka ɗebo ruwa, wajibi ne ka san abin da zai ɗauke da abin da zai bari.

Hujjar masu jiƙawa

Masu jiƙawa ba don ganganci suke yi ba. Hujjarsu ta farko wuri ne. Kan sarki dubu da aka raba da takarda za su shiga albam ɗaya, a jera su ƙasa-ƙasa da shekara-shekara, a buɗe a nuna wa yara. Ambulan dubu kuwa sai an nemo kwali.

Ta biyu, akwai abin da ba a iya gani sai an juya bayan kan sarki. Yawancin na zamanin Turawa suna da ɓoyayyiyar alama a cikin jikin takardar, irin wadda kake gani a takardar naira in ka ɗaga ta sama. A kan sarkin Arewacin Nijeriya na 1900 da 1902, alamar kambi ɗaya ce da haruffan CA a ƙarƙashinsa. Daga 1904 aka koma takarda mai kambi da yawa a warwatse. Zanen fuskar yana iya zama iri ɗaya sak, amma bugun daban, darajar ma daban. Muddin kan sarkin yana manne, da wuya ka bambance.

Ta uku ita ce wadda ta fi shafar mu mazauna bakin kogi. Ambulan mai araha, musamman ruwan ƙasan nan na ofis, takardarsa tana da tsami a jikinta. Shekaru na tafiya tana ƙara duhu, tana gautsi, tana kuma shafa wa kan sarkin. Ƙara da fil da ƙusar sitefula da ke tsatsa su bar jan tabo, da salatif da ke narkewa ya bar maiƙo. In damina ta sauka, laima ta cika ɗaki, danƙon da ke tsakanin kan sarki da takarda yakan zama abincin fumfuna da kyankyasai. A irin wannan hali, wanke danƙon da raba kan sarki da ruɓaɓɓiyar takarda ceto ne.

Waɗannan hujjoji gaskiya ne. Sai dai kowace daga cikinsu tana kallon kan sarkin ne shi kaɗai. Ba ta tambayi abin da ambulan yake ɗauke da shi ba.

Abin da ambulan ke faɗa

A ce ga ambulan a gabanka. Fari ne da ya koma ruwan madara, gefensa ya ɗan cinye. A kusurwar dama akwai kan sarki guda biyu na jerin da aka fitar a 1953, ɗaya mai mahayan dawakin Barno, ɗaya mai hoton gyaɗa. An buga masu hatimi zagayayye, rabinsa a kan hoton, rabinsa a kan farar takarda. Sunan Haɗejiya ya fito a sama, kwanan wata a tsakiya, shekarar 1958. An rubuta adireshin da alƙalami mai tsoma tawada, ta hannun wani ɗan kasuwa a Fagge. In ka juya baya, ga wani hatimin na Kano, da kwanan ranar da wasiƙar ta isa.

Dubi yawan abin da wannan takarda ɗaya ta gaya maka. Ta nuna cewa a zamanin Sarki Haruna, wanda ya riƙe sarautar Haɗejiya daga 1950 zuwa 1984, ana aika wasiƙa daga garin a kan kuɗi kaza. Tazarar da ke tsakanin hatimin gaba da na baya ta faɗa maka kwana nawa wasiƙa ke yi kafin ta kai Kano. In ka yi sa'a ka ga hatimin Malam Madori a tsakani, ka san ta bi jirgin ƙasan da aka shimfiɗa wa dogo daga Kano zuwa Nguru a 1930, wanda ya mai da Malam Madori kasuwar gyaɗa. Adireshin kuma ya nuna yadda mutanen da ba su da akwatin gidan waya suke karɓar saƙo ta hannun amintattu.

To, zuba wannan ambulan a ruwa. Abin da zai rage a hannunka kan sarki biyu ne da aka buga miliyoyinsu, kowanne da ɓarin baƙin da'ira a fuskarsa, wataƙila haruffa uku na sunan garin. Irinsu suna nan jibge a hannun 'yan kasuwar kan sarki a duniya, ana sayar da su a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ke da wuyar samu shi ne shaidar cewa daga Haɗejiya suka tashi, a rana kaza, zuwa wuri kaza. Ita ce ka wanke.

Ambulan yakan riƙe tarihin da ba a rubuta da niyya ba. Adireshin da ya ce Lardin Kano, kafin 1967 aka rubuta shi. Wanda ya ce Haɗejiya, Jihar Kano, yana tsakanin 1967 da ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Kan sarki mai kuɗin sule da sisi da taro ya riga ranar 1 ga Janairu 1973, da aka koma naira da kwabo. Ambulan mai alamar tsohuwar ma'aikatar P&T ya riga 1985, shekarar da aka raba ta, NIPOST ta ɗauki wasiƙu, NITEL ta ɗauki tarho. Sannan in ka jera wasiƙun gida ɗaya daga shekarun 1970 zuwa na 1990, za ka ga yadda kan sarki ɗaya ya koma uku, uku suka koma jere guda, kana kallon faɗuwar darajar naira da idonka.

In aka koma can baya, lamarin ya fi haka nauyi. Turawa sun fara fitar da kan sarki mai sunan Arewacin Nijeriya a 1900, da kan Sarauniya Victoria. A farkon lamarin wasu gidajen waya ba su da hatimi, sai ma'aikaci ya soke kan sarkin da alƙalami, ya rubuta sunan wurin da kwanan wata da hannunsa. Bayan haɗe Kudu da Arewa a ranar 1 ga Janairu 1914, an ci gaba da amfani da ragowar kan sarkin ɓangarorin biyu a ko'ina cikin ƙasar, har a ga na Kudu ɗauke da hatimin wani garin Arewa. Haɗejiya kuwa sai a watan Afrilu na 1906 Turawa suka ci ta da yaƙi, inda Sarki Muhammadu Mai Shahada ya rasa ransa. Duk wata wasiƙa da ta fita daga wannan yanki a shekarun da suka biyo baya, takarda ce da masana tarihi za su so su gani cikakkiya. Haka wasiƙun sojojinmu da suka je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, masu ɗauke da hatimin jami'in da ke tace wasiƙu, da na lokacin yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970.

Kasuwar duniya ma ta san wannan. A 1847 tsibirin Morishus ya buga kan sarki iri biyu, ɗari biyar-biyar. An sami ambulan ɗaya da aka aika wa wasu 'yan kasuwa a birnin Bordeaux na Faransa ɗauke da duka biyun. A 1993 an yi gwanjonsa a kan sama da faran miliyan 5 na kuɗin Suwizalan. Ba ina cewa akwai irinsa a adakar gidanku ba, kuma kada kowa ya shiga wannan harka da zaton zai yi kuɗi. Darasin kawai shi ne, wanda ya tsinci wancan ambulan bai jiƙa shi ba.

Takardun da ba a taɓawa sam

Akwai takardun da babu ma zancen shawara a kansu. Na farko su ne takardun ciniki da rasit. Shekaru da yawa a Nijeriya, in an sayar da gida ko gona ko fili, akan manna kan sarki a ƙasan takardar yarjejeniya, mai sayarwa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa ta kansa. A ƙasar da fadama ke da daraja, inda rikicin iyakar gona kan kai jikoki gaban alƙali, wannan takarda tana iya zama hujjar gida guda. Yaron da ya ɓamɓare kan sarkinta don ya cike gurbi a albam ya yi wa danginsa ɓarnar da bai san girmanta ba. Iyaye su ja kunnen yara a kan wannan tun ranar farko.

Na biyu, shuɗiyar takardar nan ta jirgin sama da ake rubutu a cikinta a naɗe ta ta zama ambulan, da katin gidan waya mai kuɗinsa a jiki. A kansu hoton kan sarkin bugawa aka yi, ba mannawa ba. Babu abin da ruwa zai saki, kuma yanke shi da almakashi lalatawa ne.

Na uku, ambulan na musamman da ake bugawa ranar da sabon kan sarki ya fito, kamar na bikin samun mulkin kai na Jihar Arewa a 1959, mai hoton Lugard Hall da Masallacin Kano, ko na ranar 1 ga Oktoba 1960. Darajarsu tana cikin haɗuwar kan sarkin da hatimin wannan rana.

Sai kuma maganar amana. Wasiƙa sirrin mai ita ce, ko da ya rasu. Nemi izinin manyan gida kafin ka ɗauka. In sun ba ka ambulan sun riƙe wasiƙar, ka gode. In sun ba ka duka, kada ka raba su, kuma kada ka baza abin da ke ciki.

Kan sarkin da ruwa ke kashewa

Ko da takardar guntuwa ce marar wani bayani, akwai kan sarkin da ba ya shiri da ruwa.

Kamfanin De La Rue na Landan, wanda ya buga kan sarkin Arewacin Nijeriya, da gangan yake amfani da tawada mai zuba, musamman kore da shunayya. Dalilinsu shi ne hana maguɗi. In wani ya yi ƙoƙarin wanke hatimi ko rubutun alƙalami don ya sake amfani da kan sarkin, launin zai koɗe ya tona masa asiri. Wannan tarko yana nan yana aiki har yau. Daga wajen 1905 kuma suka fara buga wasu a kan takardar da aka shafa wa alli a fuska. Hoton a kan allin yake zaune, in allin ya jiƙe ka goga da yatsa, sai fuskar sarkin ta biyo hannunka. A cikin bugun wannan kamfani ne akwai kan sarki na fam 25 da aka fitar a 1904, wanda ke cikin mafi wuyar samu a duk ƙasashen da Ingila ta mallaka. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk kan sarkin da ka ga kan Victoria, ko Edward na Bakwai, ko George na Biyar, ajiye shi har ka sami wanda ya sani.

A ɗaya gefen akwai na zamani masu gam a jikinsu, waɗanda ake ɓarewa a manna ba tare da an lasa ba. Saliyo ce ta fara fitar da irinsu a 1964, yanzu kuma su ne mafi yawa a wasiƙun da ke zuwa daga Amurka da Ingila. Da yawansu gam ɗinsu ba ya narkewa a ruwa. Za ka jiƙa har takardar ta yi laushi ta rabe biyu, gam ɗin yana nan. Kada kuma wani ya ba ka shawarar fetur ko kalanzir. Yanke takardar daidai, ka bar 'yar tazara a kowane gefe, ka ajiye shi haka.

Sai takarda mai launi. Jan ambulan, da kore, da ruwan ɗorawa, da mai jan layi da shuɗi a gefe, duk suna iya zuba. Guda ɗaya ya isa ya rine duk abin da ke cikin kwanon. Haka rubutun maka da tawadar hatimin ofis mai ruwan shunayya.

Tambayoyi huɗu kafin ka ɗebo ruwa

Ta farko: ambulan cikakke ne, da adireshinsa da hatiminsa? In haka ne, bar shi.

Ta biyu: kuɗin da ke jikin kan sarkin na zamanin fam da sule ne? In haka ne, ko guntuwar takarda ce, dakata tukuna.

Ta uku: ana iya karanta sunan gari da kwanan wata a hatimin? Hatimin Legas da Kano da Kaduna suna da yawa. Amma in ka ga sunan ƙaramin gari irin Auyo, ko Kafin Hausa, ko Birniwa, ko Kaugama, ko Guri, to ka riƙe shi da kyau, domin wasiƙun da suka fita daga irin waɗannan wurare kaɗan ne. Yanke takardar murabba'i yadda hatimin zai fito cikakke tare da kan sarkin, ka ajiye su a haɗe.

Ta huɗu: kan sarkin da takardar za su jure ruwa?

Abin da ya tsallake waɗannan tambayoyi, wato kan sarki na yau da kullum, a kan yagaggiyar farar takarda, mai hatimin da ya dame ba a karanta shi, wannan jiƙa shi da kwanciyar hankali. Jerin 1973 mai hotunan sana'o'in ƙasa, har da bikin kamun kifi na Argungu, da na shekarun bayansa, yawancinsu a nan suke faɗawa, kuma da su ya kamata mai koyo ya fara.

Yadda ake jiƙawa

Fara da yanke takardar kewaye da kan sarkin, ka bar tazarar kamar faɗin farce don almakashi kada ya taɓa haƙoran gefe. Kan sarkin da ya rasa haƙori ko ɗaya darajarsa ta ragu. Ware masu takarda mai launi gefe guda, waɗannan ɗaya-ɗaya za a yi masu, a ruwan sanyi, kana tsaye a kansu.

Samo faranti mai ɗan zurfi wanda babu maiƙo a jikinsa. Ruwan ya zama mai tsabta, mai sanyi ko mai ɗumi kaɗan. Ruwan zafi yana tayar da launi. Ruwan kogi yana da laka, wasu rijiyoyin kuma suna da kanwa ko tsatsa da za su bar tabo in an bushe, don haka ruwan leda da ake sha ya fi. Kada a sa sabulu ko omo.

Zuba kamar goma zuwa ashirin a lokaci guda, kada ka cika farantin. Cikin minti 10 zuwa 20 za ka ga sun fara zamewa daga takardar da kansu. Wanda bai saki ba, ƙara masa lokaci. Jan sa da ƙarfi shi ke sa bayansa ya ɗaye, ya bar wuri sirara da ake hangowa in an ɗaga shi a haske. Jiƙaƙƙen kan sarki ba shi da ƙarfi ko kaɗan, ɗauke shi da hantsaki mai faɗin baki marar kaifi, ko ka tallafo shi a kan yatsa.

Sake tsoma shi a wani ruwan mai tsabta, ka shafa bayansa a hankali har santsin danƙon ya tafi. In ruwan farko ya fara canza launi, zubar da shi nan take.

Shimfiɗa su rub da ciki a kan farar takarda marar rubutu ko farin ƙyalle mai tsabta. Jarida ba ta dace ba, tawadarta tana kamawa. A inuwa za su sha iska, ba a rana ba. In sun kusa bushewa, sa su tsakanin fararen takardu biyu, ka ɗora littafi mai nauyi, su kwana. Da hunturu suna bushewa da wuri amma suna nannaɗewa, sai ka danne su tun da sauran danshi. Da damina kuwa ba su kwana biyu ko uku kafin ka sa a albam, domin kan sarkin da aka rufe da laima a jikinsa fumfuna yake kira. In da hali, tara aikin jiƙawa ka bari sai rani.

In ruwa ya zo da kansa

Mu da ke zaune a kwarin Kogin Haɗejiya muna da wata tambayar da littattafan Turai ba su cika damuwa da ita ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, kachala kuma ta toshe hanyoyinsa da dama. A daminar 2020 da ta 2022 ambaliya ta ci gidaje da gonaki a Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri da wasu wuraren, mutanen birnin Haɗejiya kuma suka kwana suna jibga buhunan yashi a jinga. A irin wannan rana rai ake ceto, da abinci, da dabbobi. Amma bayan ruwa ya janye akan buɗe akwati a tarar da takardun gida sun jiƙe sharkaf.

In haka ta faru, kwana biyu zuwa uku kake da su kafin fumfuna ta kama. Kada ka shanya su a rana, kada ka kai su bakin wuta, kada ka sa dutsen guga. Ɗauko damin gaba ɗaya a kan tire, ka raba waɗanda suka yarda su rabu, ka shimfiɗa su ɗaya-ɗaya a inuwa inda iska ke ratsawa, kana canza takarda ko ƙyallen da ke ƙarƙashinsu. Waɗanda suka manne da juna, bar su su sha iska tukuna. Laka kuma a bar ta ta bushe, sannan a kakkaɓe da burushi mai laushi. In kan sarki ya saki da kansa, kada ka jefa shi cikin sauran. Ajiye shi tare da ambulan da ya fito daga jikinsa, domin ɓarin hatimin da ke kansa zai haɗu da ɓarin da ya rage a takardar, shaidar ba ta ɓata ba.

Tun kafin damina ma, ɗauki hoton kowane muhimmin ambulan da wayarka, gaba da baya. In kuma ka ci karo da abin da kake jin ya fi ƙarfin ajiyar gida, kamar wasiƙun fada, ko na En'e, ko na farkon zamanin Turawa, akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, akwai Gidan Makama a Kano. Aikinsu ke nan, kuma za su ba ka shawara.

Hukunci

Amsar tambayarmu ta fito. Guntun takarda mai kan sarki na yau da kullum, jiƙa shi, ka wanke, ka busar, ka jera. Cikakken ambulan, da hatimin ƙaramin gari, da duk abin da ya riga naira, da takardar ciniki, bar su yadda suke. In kana kokwanto, kokwanton kansa ya isa dalilin dakatawa. Yau saƙo ya koma waya, jakar gidan waya ta yi sauƙi, ba a ƙara buga irin waɗancan hatimai a garuruwanmu kamar da. Abin da ya rage a adakoki shi ke nan abin da muke da shi.

Sai dai barin ambulan a yadda yake ya ɗora maka wani nauyin, wato kare shi daga laima da gara da ɓera da ƙurar hunturu. A babi na gaba za mu ga irin albam da ya dace da yanayinmu, da dalilin da ya sa leda ke cutar da takarda a ƙasa mai zafi, da inda ya kamata akwatin ya zauna a cikin ɗaki. Kafin ka juya shafi, ɗauko abin da ka tara ka raba shi kashi biyu, na jiƙawa da na bari, kuma kada ka taɓa ruwa sai ka sake duba kashin farko.